Na gaji da masu neman taimako, ko zuciyata ce ta ƙeƙashe?

Wani ɗan uwa malamin makaranta a Gusau ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, ni ma'aikaci ne, albashina ko ƙarshen wata bai kai ni. Amma kullum sai an turo min neman taimako, a WhatsApp, a Facebook, a masallaci da an sallame, ga dangi na ƙauye da 'yan bindiga sunka tayar. Da ina bayarwa, har na gano wani da na tura ma kuɗin magani ƙarya yake yi. Yanzu in na ga irin saƙon sai in ji haushi in wuce. Ina da laifi? Kuma ya zan gane na gaskiya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara rufa asiri. Ba kai kaɗai ba ne wallahi, kusan duk mai albashi ko mai ɗan shago da za ka zaunar a garin nan abin da ke cikinshi ke nan, kunya ce kawai ke hana mutane faɗi kada a ce musu marowata. Ni na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi na kwamitin marayu da marasa lafiya na unguwarmu, fiƙihun da na karanta a zaure kuma na Malikiyya ne, to a kan waɗannan biyun zan ba ka amsa.

Ba ka da laifi don ka gaji, ba ka da laifi don ka kasa ba kowa. Marowaci bai zama ya rubuto tambaya irin wagga, barcinshi yake sha. Inda gyaran yake shi ne ka bar masu roƙo su ke tsara maka inda kuɗin alherinka za su, wanda ya riga turo saƙo ko wanda hotonshi ya fi tayar da hankali shi ke samu, kai kuma kullum kana cikin kare kai kamar wanda ake bi bashi, in ka bayar ka ji an ƙware ka in ka hana ka kwana da damuwa. Duk wanda ke bayarwa a haka sai ya ƙosa ko nawa yake samu, na ga 'yan kasuwa masu kuɗi na gaske da sunka kai ga kashe waya cikin azumi saboda wanga abu.

Abu na farko ka raba abubuwa uku da mutanenmu ke cakuɗawa: ciyarwar da ta wajaba a kanka, zakka, sai sadakar ganin dama. Ciyar da matarka, da 'ya'yanka, da iyayenka in ba su da shi, wanga ba taimako ba ne, haƙƙi ne, kuma shi ke gaba da kowane saƙo da zai shigo wayarka. Hadisin Hakim ɗan Hizam da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda kowa ya haddace rabinshi cewa hannun sama ya fi na ƙasa, ai ci gabanshi cewa ya yi ka fara da wanda kake ciyarwa, kuma mafificiyar sadaka ita ce wadda anka yi bayan an bar abin da zai wadatar. A wani hadisin na Muslim an jera dinari huɗu, na ɗaukaka addini, na 'yanta bawa, na miskini, da wanda ka kashe ma iyalinka, anka ce na iyalin ya fi lada. Aya ta 29 a Suratul Isra'i ma gefe biyu ta hana, kada ka ƙuƙunce hannunka a wuya kada kuma ka shimfiɗa shi gaba ɗaya ka koma abin zargi. To malamin makarantar da ya tura dubu biyar ga wani a Facebook alhali uwargida na cin bashin magi a shagon unguwa, kuma ana bin yaro kuɗin jarabawa, ni ban ganin ya yi abin yabo, tausayi ne ya rinjaye shi kawai.

Zakka kuma ina kyautata zaton ba ta hau kanka ba ta ɓangaren kuɗi. Ba albashi ake fidda ma zakka ba, abin da ya taru ne ya kai nisabi kuma ya shekara, nisabin zinari dinari 20 ne, wajen giram 85, wanda a kuɗin yau miliyoyi ne, sannan a fidda kashi 2.5 cikin ɗari. Wanda kuɗinshi ke ƙarewa ranar 20 ga wata ina ya ga wanga? Abin da ke kanka tabbas zakkar fidda kai ce ƙarshen azumi, sa'i guda kan kowane mutum na gidanka. Sai in kana noma, malaman makaranta da yawa na taɓawa, nan hukuncin daban ne, in hatsin ya kai wusƙi 5 wato sa'i 300 to ranar girbi ake fiddawa ba a jiran shekara, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in da injin ban ruwa ka wahala kamar masu shinkafar rani na Bakalori ko fadamun Argungu, kuma a wajen Malikiyya bashin da ake bin ka bai sauke zakkar gona ko ta dabbobi, ta kuɗi kawai yake saukewa. Na kawo wanga ne don ita zakka tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, ba a gina masallaci da ita, ba ka ba wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka, kuma asali a garin da ta wajaba ake raba ta sai in akwai waɗanda sunka fi buƙata a wani wuri. Nan bincike dole ne. Kuma tun bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 jihar nan ta samu Hukumar Zakka da Wakafi, ita ke sanar da nisabi kuma tana taimakon marayu da marasa lafiya, wani mai neman taimakon nuna mishi hanyar can ma taimako ne.

Saura ta uku, sadakar ganin dama, kuma duk saƙonnin da ke damunka nan suke. Shawarar da nake ba kowa, kuma na ga ta yi ma mutane aiki, ita ce ka yanke adadin tun kafin kowa ya tambaye ka. Ranar da alat ya shigo, kafin ka taɓa komi, ka ware abin da ka san ko ya tafi gidanka ba zai girgiza ba, a ce albashinka 120,000 ne ka ware 3,000 ko 5,000, kada ka raina, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda anka dawwama a kai ko ƙanƙane ne. Ka tura su wani asusu daban, ko OPay ne ko Moniepoint, ko ka cire ka sa a ambulan. Mafi yawansu ka ba su maƙale, wato wani gida guda ko biyu da kai ka zaɓa, zan zo kan yadda ake zaɓen. Ɗan abin da ya rage ka canza shi ƙananan kuɗi ka bar ma hanya, almajiri, makaho, tsohuwar da ke bakin masallaci, da saƙon da zai faɗo ba shiri. In sun ƙare sun ƙare sai wani watan. Abin da wanga tsari ke yi ma zuciya shi ne in ka ce babu gaskiya ka faɗa, kuma ka san ka riga ka yi naka, haushin nan da kake ji rabinshi na rashin sanin ko ka sauke nauyi ne ko ba ka sauke ba.

Hanawa ma akwai yadda ake yin ta. Alƙur'ani bai ce duk wanda ya roƙa sai ka ba shi ba, cewa ya yi a Suratud Duha kada ka yi ma mai roƙo tsawa, a Baƙara aya ta 263 kuma magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke bin bayanta. "Yi haƙuri ɗan uwa, wanga watan ban da hali, Allah ya hore" ta wadatar. Abin da na fi ƙi shi ne ƙaryar kunya da muke yi, "bari zan duba", "ka taɓa ni gobe", "alat nake jira", alhali mutum ya san ba zai bayar ba. Bawan Allah ya hau kabu-kabu ya zo gobe, ya dawo jibi, ya kashe ɗari biyar ɗin da zai sayi garin kwaki a kan alkawarin da babu shi, daga ƙarshe ka daina ɗaukar wayarshi. Wanga ya fi cewa babu ciwo nesa ba kusa ba.

Shi kuma wanda ya yaudare ka, ladanka na nan ba abin da ya taɓa shi. Akwai hadisin Abu Huraira cikin Bukhari da Muslim na mutumin da ya fita da dare zai yi sadaka a ɓoye, daren farko ta faɗa hannun ɓarawo, na biyu hannun mazinaciya, na uku hannun mawadaci, gari na wayewa mutane na ta surutu, sai anka sanar da shi an karɓi sadakarshi, wataƙila ma ta zama sanadin shiryuwarsu. To ka cire wanga daga ranka, zunubin na wuyan maƙaryacin. Sai dai kada a ɗauki hadisin ya zama hujjar rufe ido, don kuɗin da ɗan damfara ya ci na wani majinyaci ne na gaskiya da bai samu ba, kuma ɓarnar da ta fi ita ce irin wadda ya yi maka, ya sa ka daina yarda da kowa. Ni ma'aunina girman kuɗin ne. Naira 100 ko 200 a bakin titi ba a yi musu bincike, tsayawa kana yi ma tsohuwa tambayoyi a kan ɗari biyu wulaƙanci ne, ka ba ta ko ka ba ta haƙuri. Amma in an fara maganar dubu goma, dubu hamsin, ko za ka sa baki wasu su bayar, to tambaya ta zama dole kuma ba rashin tausayi ba ce. Annabi (SAW) da kanshi ya gaya ma Ƙabisa cewa roƙo bai halatta sai ga mutum uku, wanda ya ɗauki nauyin biyan kuɗi don sasanta mutane, da wanda annoba ta cinye dukiyarshi, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali cikin mutanenshi sunka shaida. Ka lura da na ukun, shaidar mutanen da sunka san shi, ba shaidar hoto ba.

Ga yadda muke yi in takardar asibiti ce. Mukan tambayi wane asibiti, wane ɗaki, gado na nawa, mi ne lambar kati. In an ce asibitin tarayya na Gusau ko asibitin Yariman Bakura ai ba nisa, ɗaya daga cikinmu ya je da ƙafarshi, in an ce an tura su asibitin koyarwa na Sakkwato sai mu nemi wani namu da ke can ya leƙa. In mun tabbatar ba mu tura kuɗin tiyata ko na magani a asusun kowa, wurin biya muke zuwa mu biya mu karɓi risit, ko mu je kemis mu sayo maganin mu kawo. Mai gaskiya murna yake yi da haka, har ya riƙe maka hannu ya kai ka gadon. Maƙaryaci kuma nan take labari ke canzawa, ai yanzun nan anka sallame mu, ai likita ya hana shiga, kai dai turo lokaci na ƙurewa. Na sha karɓar takardar magani a bakin masallaci, an naɗe ta cikin leda, duk inda anka ninka ya yage an liƙe da salatif, ta yi baƙi saboda yawan hannu, in ka buɗe a hankali ka duba kwanan watan sai ka ga ta shekara biyu, abin da ke rubuce kuma farasitamol ne da maganin ƙarin jini, mai ita yana cewa dubu arba'in ake nema kafin la'asar. Ba mu tozarta shi, cewa muke "taso mu je kemis ɗin can a ba ka", mafi yawa kafin a kai bakin titi sun tuna da wani uzuri. Na Facebook kuma ka sa hoton a Google Lens, wani yaron da ake cewa yana kwance a Gusau sai ka tarar hoton ya shekara biyar yana yawo kuma daga wata ƙasa ma yake.

Amma akwai alamomin da mutane ke ɗauka na ƙarya ne alhali ba haka ba ne, nan nake so ka yi hattara. Sunan asusu ya saɓa da sunan majinyaci ba hujja ba ce ita kaɗai, mutanen ƙauyukanmu da yawa ba su da asusun banki, na mai POS ɗin garinsu suke bayarwa ko na wani ɗansu da ke birni, sai dai ka kira mai asusun ka ji ko ya san maganar. Yawan dawowa ma ba hujja ba ce. Uwar yaro mai sikila za ta dawo, mai wankin ƙoda zai dawo kowane mako, mai ciwon suga maganinshi bai ƙarewa, na ji ana cewa wata "kullum ita ce, ta mayar da abin sana'a" alhali ɗanta ne ciwon ke tayar ma duk sanyi. Jinya a gida ma ba hujja ba ce, wasu kuɗin gadon ne babu shi ya sa sunka tattara sunka koma. Kuma ko ka biya a wurin biya ka ɗan danƙa ma mai jinyar wani abu a hannu, ita ma tana cin abinci, tana sayen ruwa da sabulu, risit bai nuna wanga.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci a wajena. Duk waɗanda ke iso ka ta waya, komi tsananin halinsu, suna da waya, suna da data ko suna da wanda zai rubuta musu. Ka tuna Satumbar 2021 da anka rufe layukan sadarwa a Zamfara, har Funtuwa mutane ke zuwa neman sabis a farkon abin, makonni ba wanda ya turo ma kowa lambar asusu, to yunwa ta tafi hutu ne a lokacin? Tana nan, hanyar da take bi ta iso ka ce anka toshe. Akwai mutanen da kullum haka suke, layinsu a rufe. Su ne aya ta 273 a Baƙara ta siffanta, wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba su nacin roƙon mutane, da alamarsu ake gane su. Kuma gane su a unguwa ba wuya in ka san wa za ka tambaya. Mai injin niƙa ya san gidan da kullum ake kawo tiya biyu yanzu an koma rabin tiya, ya san gidan da kwana huɗu ba a aiko yaro ba. Mai shago ya san wanda sunanshi ya cika shafi a littafin bashi har ya fara zagayawa ta bayan layi don kada su haɗa ido. Matan gida sun fi kowa sani, uwargidanka ta san wadda ta fitar da tukunyarta ko zanen aurenta ta ba dillaliya. Kai kanka malami ne, ka san yaron da in an fita tara bai zuwa wajen mai awara, sai ya zauna cikin aji ya ce bai jin yunwa.

Irin wanga gida za ka zaɓa ka maƙala ma kuɗin da ka ware. Kuma ba sai sun san kai ne ba. Ka je wajen mai shago bayan isha'i ka ce buɗe min shafin gidan wane, ka biya abin da ka iya ya soke a gabanka, ka ce in sun tambaya ya ce wani bawan Allah ne. Ko ka biya kuɗin makarantar marayan kai tsaye. Wanda ya ɗanɗana wanga bai ƙara jin an yi mishi ƙwace, don shi ya nemi inda zai kai da kanshi.

Danginka da anka tayar daga ƙauye kuwa, ni a wajena su ne a sahun gaba bayan iyalinka, sun shiga kashi na biyu na hadisin Ƙabisa sarai, mutum da gonarshi da shanunshi da rumbunshi dare ɗaya ya koma kwana a kango, wanga ba maroƙi ba ne. Sadaka ga ɗan uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci, kuma tunda a Malikiyya ciyar da wa ko ƙane ko baffa bai wajaba a kanka ba, ko zakka ce ana ba su. Matsalar dangi ita ce kowa na kiran kowa a ɓoye, kai a kira ka, a kira yayanka na Kaduna, a kira ƙanwarku da ke aure Abuja, mai baki ya karɓa wuri uku mai kunya bai samu ko ɗaya ba. Ku da Allah ya ba abin hannu cikin zuri'ar ku zauna, ko a waya ne, kowa ya faɗi abin da zai iya duk wata, mutum ɗaya ya riƙe ya rubuta, a lissafa gidajen. In da hali a sayi gero ko masara da kaka a ajiye, kada a bari sai Yuli da Agusta lokacin da hatsi ya fi tsada kuma rumbu ya ƙare. Daga nan duk wanda ya kira ka sai ka ce mishi nawa na wajen wane. Maganar a ba su jari su dogara da kansu kuma, tana da daɗin faɗi, kuma tana yi ga wanda dama yana da sana'a a hannu, mai ɗinki da ya baro kekenshi, mai suyar ƙuli-ƙuli. Amma ka ba gidan da ba su ci ba tun jiya jarin dubu ashirin ka ce a juya, cinye shi za a yi kuma ba laifinsu ba ne, ciki ake fara tsayarwa.

Kuɗin fansa shi ne roƙon da ya fi kowane nauyi a jihar nan, kuma ni ban iya kallon wanda ɗanshi ke daji in karanta mishi lacca. Abu biyu kawai zan ce. Kada a yi shelar tarawa a Facebook ana rubuta an samu kaza saura kaza, mutanen nan na da wayoyi kuma suna da masu kai musu rahoto cikin gari, in sun ga kuɗi na shigowa ƙari suke yi, a yi shi cikin dangi da aminai a rufe. Na biyu, mashahurin zance a Malikiyya shi ne zakka ba ta isarwa in an fanshi kamamme da ita, duk da akwai irin su Ibnu Habib da sunka halatta, amma wanda ya sayar da gona ya ci bashi ya fanso nashi ya dawo ba shi da komi, wanga ya shiga cikin masu cin zakka ta ƙofar bashi da ta talauci ba gardama, kuma lokacin ne ma kowa ke watsewa ya bar shi, an yi barka an tafi.

Na masallaci da na taron gidauniya inda ake kiran suna a lasifika, Alhaji wane ya ba da kaza, kada kunya ta sa ka yi alkawarin abin da ba ka da shi, rabin alkawuran irin wanga taro ba a cika su, tambayi duk wanda ya taɓa bin sawunsu. Bayyana sadaka ba haramun ba ne, aya ta 271 a Baƙara ta ce in kun bayyana madalla in kun ɓoye kun kai ma talakawa ya fi muku, kuma wani lokacin bayyanawar na zaburar da wasu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a jera zawarawa a rana kowace ta rungumi ledar shinkafa a ɗauke su hoto a watsa, 'ya'yansu na gani abokan 'ya'yansu na gani. Da tara jama'a a ƙofar gida don a ga yawansu, ka tuna azumin 2024 a Bauchi mata sunka mutu a turmutsutsun rabon zakka, alhali da an bi su gida-gida ta hannun masu unguwa da limamai ba wadda za ta rasa ranta. Masu tara taimako a intanet kuma ban yi musu kuɗin goro, akwai yara matasa cikinsu da ke kwana a asibitoci suna aikin da ya fi namu. Ka duba dai wanda ke kawo lissafi, an tara kaza, ga risit, ga abin da ya rage ga inda anka kai shi, kuma yana rufe tarawa in kuɗin sun cika. Wanda in an tambaye shi lissafi sai ya hau fushi yana cewa ana yi ma aikin Allah hassada, ka riƙe kuɗinka.

Sai turawa gaba. Mutane na ganin in ba su da abin bayarwa to aƙalla su watsa saƙon a samu lada, sai ka ga malami kamarka ya tura a zauren malaman makarantarsu, su kuma don sun ga sunanka ne sunka bayar, ba don sun san majinyacin ba. In ba ka je ka gani ba, ko wani da ka yarda da shi bai gani ba, kada ka tura, in kuma dole sai ka tura to ka rubuta a sama cewa ba ka tantance ba. Shi wancan da ya ci kuɗinka, in kana da hujja a hannu ka kai ma mai kula da zauren da ka ga saƙon a keɓe, da lambar asusun da ya yi amfani da ita, don a cire kuma a gargaɗi sauran, ba sai ka sa hotonshi a sitatus ba.